Molo da Garaya: Sana'ar Gado da Tushenta Yake a Gona

'Yan'uwa manoma, idan muka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, za mu tarar da molo da garaya a cikin Zabura. Mun kuma san labarin Dauda, makiyayin da ya yi wa Sarki Saul kiɗa har hankalinsa ya kwanta. Amma a yau yawancin ekklesiyoyinmu jita muke saye daga birni, masu ƙera molo kuwa suna tsufa ba magada. Yana da kyau mu san yadda sana'ar take, da abin da ya rataya a wuyanmu.

Molo tsirkiya uku gare shi, garaya biyu. Masassaƙi yakan fafe guntun ice kamar ɗan kwalekwale, ya jiƙa ɗanyar fata ya shimfiɗa a bakinsa, ya ɗaure. Fatar tana bushewa tana ƙara ɗamewa, daga nan amo yake fitowa. Sai a soka sanda ta cikin fatar, a ɗora tsirkiya bisa ɗan icen da ake kira jaki. Ba kunnuwan murɗawa kamar na jita. Da zoben fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sandar, a matsa shi gaba ko baya har murya ta daidaita. Dā da izgar doki ko jijiya ake yin tsirkiya, yanzu zaren kamun kifi ya karɓe. Gurmi da goge kuwa ƙwarya ce jikinsu.

Ba a koyon wannan a makaranta. Yaro yakan fara da miƙa wa ubansa gizago, ya koyi ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa don jin mai kauri, sai bayan shekaru a bar shi ya ɗaure fata. Idan tsara ɗaya ta ƙi koyo, shi ke nan. A Amurka akwai gidan Martin da suka fara ƙera jita a 1833, sana'ar ta kai har tsara ta shida, domin kowane uba ya miƙa wa na bayansa.

To, ina ruwan manomi? Duk kayan aikin daga hannunmu suke fitowa.

Na ɗaya, duma. Mu shuka shi da farkon damina a gefen gona ko jikin danga, kada mu tsinke sai yaɗon ya bushe. Ƙwaryar da aka cire ɗanya takan yi laushi ta tsage.

Na biyu, fata. Jar akuyar Sakkwato da muke kiwo a ƙasar Tambuwal da Kebbe, fatarta ta yi suna har Turai. Amma wuƙa ɗaya a wajen fiɗa ta isa ta ɓata ta. A yi fiɗa a hankali, a kankare kitse, a shanya a inuwa.

Na uku, ice. Alilliba da maɗaci da ƙirya suna ƙarewa saboda gawayi da sharar gona. Kowace ƙungiya ta keɓe wurin renon dashe, wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu.

Ga shawararmu. Da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, kowace ƙungiya ta nemi masassaƙin da yake kusa, Kirista ne ko Musulmi, ta kai masa yaro ɗaya ko biyu, ta biya shi ladan koyarwa daga asusunta. Ƙungiyar mawaƙa kuma ta sayi molo ɗaya daga gare shi. Ba mu ce a yar da jita ba, amma molo idan ya lalace a ƙauye za a gyara shi, kuɗin kuma bai bar gari ba.

A kawo wannan magana a taronku na wata mai zuwa. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanmu.