Takobi da Tsafi Cikin Zane: Daga Conan Zuwa Ganɗoki

Labaran jarumtaka, watau waɗanda ake gama kaifin takobi da ƙarfin tsafi a cikinsu, daɗaɗɗu ne a wurin kowace al'umma. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da su labarin zane, inda ake jera hotuna gida-gida a shafi, kowane gida da 'yar maganarsa, har labari ya kai ƙarshe. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda aka yi wannan aiki a Amurka, da ribar da aka ci, da hasarar da aka yi, sa'an nan a auna shi da littattafan jarumtaka na Hausa.

Mashahurin gwarzon irin waɗannan labarai a ƙasashen Turawa shi ne Conan, wanda Robert E. Howard, mutumin Texas, ya ƙaga. Labarinsa na farko ya fito a mujallar Weird Tales cikin watan Disamba na 1932, marubucin kuwa ya rasu a 1936. A 1970 kamfanin Marvel ya fara fitar da Conan cikin zane, Roy Thomas yana tsara magana, Barry Smith yana zana hotuna, daga baya John Buscema ya karɓi zanen. Wannan jeri ya kai fitowa 275 kafin ya tsaya a 1993. Da yake tun 1954 akwai ƙa'idar da ta taƙaita nuna jini da ta'asa a littattafan zane na yara, sai a 1974 aka buɗe wata mujalla ta manya, The Savage Sword of Conan, baƙi da fari, wadda ƙa'idar ba ta hau kanta ba.

Ribar da aka ci a bayyane take. Zane ya kai Conan hannun ɗimbin matasan da ba su taɓa buɗe littafin Howard ba, ya kuma share fagen fim ɗin 1982. Amma fa an yi hasara iri biyu. Ta farko, labaran Conan da Howard ya kammala 21 ne kacal, saboda haka dole masu zane suka riƙa ƙirƙiro nasu, har na aro suka rinjayi na asali. Ta biyu, hoto yana daskarar da kama. A rubuce, Conan yakan sa sulke, yakan yi dabara, har sarauta ya yi. A zane kuwa aka fi saninsa da walkin fata da ƙirji a waje, har wannan siffa ta zama ita ce jarumi a idon yara a ko'ina.

To, abin lura shi ne, shekara biyu kacal bayan fitowar Conan, Hausa ta sami nata gwarzon a rubuce. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga su a 1934. Ganɗoki mayaƙi ne da ya kara da Turawa a zamanin Sarkin Sudan na Kwantagora, daga nan labari ya wuce da shi da ɗansa Garba Gagare ƙasashe masu nisa, inda suka yi ta gwabzawa da mutane da aljannu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa labarin Ilya Muromets ne, gwarzon Rasha, amma aka yi masa riga da rawani har ya zama ɗan gida. Haka kuma masu karatu a Nijeriya sun san labari cikin hoto, domin daga 1968 zuwa 1972 mujallar African Film ta yaɗa labarin Lance Spearman da hotunan kyamara.

Duk mai son mayar da Ganɗoki labarin zane, matsaloli uku ne za su tare shi. Na farko kirari. Ƙarfin littafin yana bakin gwarzon, yadda yake wasa kansa kafin ya zare takobi, gidan zane kuwa ba ya ɗaukar doguwar magana. Mafita ita ce a ba kirari shafi guda sukutum, a bar hoto ya rage gudu. Na biyu tsafi. Tsafin Bahaushe yawancinsa na ɓoyewa ne da na tsari: layar zana, baduhu, sagau, maganin ƙarfe irin na 'yan tauri. Ba wuta ce mai fita daga tafin hannu ba, don haka sai mai zane ya nuna shi a fuskar abokin gaba, da takobin da ya lanƙwashe, da hannun da ya sage a sama. Na uku kayan yaƙi. In aka kwaikwayi Marvel ido rufe, za a wayi gari barden Hausa yana yawo tsirara da walki, alhali shi mai sulke ne da kwalkwali, dokinsa cikin lifidi, ga kansakali da mashi da garkuwa, dakaru kuma da kwari da baka.

A nan ne ƙasar Gumel take da abin bayarwa. Masarauta ce ta Mangawa wadda ta bi Barno, ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, ta kuma sha yaƙi da Haɗejiya da Damagaram a ƙarni na 19, kafin zuwan Ingilishi a 1903. Labaran waɗannan yaƙe-yaƙe suna bakin dattawa da maroƙan fada, daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Kayan doki ana ganinsu a hawan salla, dawaki da raƙuma kuwa suna cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, inda mai zane zai koyi tsayuwar ingarma da idonsa. Daɗin daɗawa, Maigatari bakin iyaka ce. Yaron wannan ɓangare da Ingilishi yake karatu, na Damagaram da Faransanci, amma Hausa da hoto sun haɗa su, watau littafi ɗaya zai ci kasuwa biyu.

A taƙaice, darasin Conan shi ne, wanda ya fara zana jarumi shi ne yake yanke kamanninsa a zukatan na baya. Yaron Gumel na yau yana ganin jaruman wasu ƙasashe a waya tun kafin ya ji sunan Ganɗoki. Idan marubuta da masu zane da masana tarihi na jami'o'i suka haɗa hannu, tare da izinin masu haƙƙin littattafan, to, siffar da zai tashi da ita ta barde za ta zama mai rawani da lifidi, irin wadda kakanninsa suka sani.