Yadda Sararin Samaniya Ya Sami Zafinsa na Farko

Duk wanda ya ɗaga kai da dare a Maitumbi, ko a wani gari na ƙasar nan, zai ga taurari birjik. Wannan takarda za ta bayyana wa jama'a abin da masana kimiyya ke faɗa game da asalin zafin da ya haife su.

Kumburin Farko

Bisa lissafin masana, sararin samaniya ya kai shekara miliyan dubu 13 da 800. A farkonsa, kafin ƙiftawar ido, ya yi wani irin kumburi mai tsanani. Alan Guth na Amurka ya bayyana wannan ra'ayi a 1981. Abin da ya ingiza kumburin wani ƙarfi ne da ya game ko'ina, ana kiransa infilaton. Amma kumburin ya bar sarari fayau, ga sanyi, babu ko ƙwayar zarra. To, daga ina zafi ya fito?

Misalin Lilo

A 1994 Kofman da Linde da Starobinsky suka kawo bayani. Da kumburi ya tsaya, sai infilaton ya shiga kai da kawowa kamar lilo. Idan ana tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dace, nan da nan zai yi sama. Haka kaɗawar infilaton ta riƙa ingiza ƙananan motsi har suka ƙasaita, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa suka ɓullo gaba ɗaya. Wannan shi ne share fagen ɗumama. A wasu lissafe-lissafen, infilaton kansa yakan tsinke ya yi gudaji-gudaji, kamar kunun da bai damu ba, kafin ƙarfinsa ya narke ya zama zafi. Ba don haka ba, da babu tauraro ko ɗaya.

Gyaran Dokar Einstein

Einstein ya tsara dokar jan nauyi a 1915. A 1980 Starobinsky na Tarayyar Sobiyet ya yi mata ƙari, ya nuna cewa ƙarin kaɗai ya isa ya haddasa kumburi. Awon da kumbon Planck na Turai ya bayar a 2013 da 2018 ya dace da lissafinsa. Saurin tsinkewar infilaton da girman gudajin sun dogara ga irin gyaran da aka yi wa dokar. Saboda haka masana ke gwada su a kwamfuta, don a rarrabe gyara mai inganci da maras tushe.

Kira ga Iyaye

Wannan bincike da lissafi ake yinsa. Ana roƙon iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwar koyon lissafi da kimiyya. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983 tana koyar da su.