Hawan Jini: Abin Da Ke Faruwa A Cikin Jijiya Idan An Ajiye Magani

Mutum ya je babban asibitin Gumel, an auna shi, an ce jininsa ya haura 140/90. Ya sha magani sati biyu, ciwon kai ya lafa, sai sauran ƙwayoyin suka zauna a aljihun riga. Ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari yana ciniki kamar ba abin da ya faru. Irin wannan labari ba baƙo ba ne a Gagarawa ko Sule Tankarkar, musamman ga wanda zuwa asibiti ke ci masa kuɗin mota da yini guda.

Sai dai jijiya ba ta san ciwon kai ya tafi ba.

A bangon kowace jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya akwai wata siririyar tsoka. Aikin ƙwayoyin halittarta shi ne su matse, su saki; ba kasafai suke hayayyafa ba. Amma idan jini ya daɗe yana bugun bangon da ƙarfi, ga kuma wani sinadari na jiki mai suna anjiyotensin II yana zuga su, sai su sauya sana'a. Su kumbura, su yawaita, bango ya yi kauri, hanyar jini ta tsuke. Tsukewar kuma ta ƙara hawan jinin.

Ta yaya umarnin ke isa cikin ƙwayar halitta? Dubi saniya a kara: da zarar an saye ta, an shafa mata alamar fenti, saniyar dai ita ce, amma inda za ta nufa ya canja. Haka furotin yake. Wasu sinadarai da ake kira kainas suna liƙa masa ɗan guntun fosfet, sai ya tashi aiki. Shi ma ya tayar da na gaba, har saƙo ya kai tsakiyar ƙwayar cewa a fara girma. Edmond Fischer da Edwin Krebs na Amurka ne suka gano wannan salon kunna furotin a shekarun 1950, aka ba su kyautar Nobel a 1992.

Likitocin zuciya sun ga ƙarfin abin da idonsu. Su buɗe jijiyar da ta toshe, su sa mata ɗan bututun waya, bayan watanni tsoka ta sake cike wurin. Aka koma shafa wa bututun maganin sirolimus, wanda ke toshe ɗaya daga cikin kainas ɗin. Amurka ta amince da shi a 2003.

Wannan aikin manyan asibitoci ne. Abin da ya fi kusa da mutumin Gumel shi ne ƙwayar da ke aljihunsa. Lisinopril yana rage samar da anjiyotensin II, losartan kuma yana tare ƙofar da yake shiga. Gyaran bangon jijiya aiki ne na watanni, ba na sati biyu ba. Wanda ya tsaya a hanya ya sake buɗe ƙofar shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Mai juna biyu ba ta shan waɗannan biyun, likita zai canja mata.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. A lissafin har da dunƙulen magi da kanwar da ke cikin miya.