Uwar Adashen Karatu a Orozo

Adashe yana tsayuwa ne da ƙafar uwar adashe. Ita ke bin gida-gida ranar zubi, ita ta san wadda ciniki ya tsaya mata a wannan mako, ita ke kwance bakin zani ta cike giɓi don kada ranar kwasa ta zo a ji kunya. Haka nake kallon mutumin da ya ɗauki nauyin haɗa malaman sa-kai domin ajin manya a gari irin Orozo. Abin da yake tarawa lokacin mutane ne, awa biyu daga wannan, yammacin Asabar daga wancan.

A Orozo kuwa lokaci tsada gare shi. Mai ilimin da zai koyar, galibi a cikin birnin Abuja yake aiki. Ya fita da asuba, ya dawo ta Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu, cunkoso ya cinye masa magariba. Ɗaliban ma ba zaune suke ba: ɗan acaba, mai facin taya, mai tuyar ƙosai, manomin Gbagyi da damina ta riƙe a gona. Sai an sami wanda zai daidaita waɗannan lokuta, ya roƙi aji a makarantar firamare ko Islamiyya, ya nema wa matan aure malama mace, ya tanadi wanda zai maye gurbi in malami ya makara.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Dattijon da ya haɗiye kunya ya zauna a bencin yara, in ya zo sau biyu bai tarar da malami ba, ba zai yi ƙorafi ba. Zai daina zuwa ne kawai, kamar yadda ake janye jiki daga adashen da aka fara tsallake zubi. Dawo da shi ya fi shigo da sabo wuya.

Aikin koyar da manya ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, ya kai boko ƙauyukan Arewa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, har UNESCO ta karrama ta a 1983, sannan tarayya ta kafa tata a 1990. Amma hukuma ba ta san cewa Malama ta haihu jiya ba, ajin Talata babu kowa. Mai haɗa malamai ne ya sani, da katin wayarsa kuma yake neman madadi.

Shi ya sa nake roƙon kwamitocin masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Orozo: in za ku taimaki ajin manya, bayan alli da littattafai, ku ware wa wannan bawan Allah kuɗin waya da na mota duk wata, ku kuma naɗa masa mataimaki tun bai gaji ba.