Edita Ma Sai An San Gidansa

Dillaliyar da ta san sana'arta ba ta zazzage ƙunshinta a tsakar gidan mutane. Tun kafin ta yi sallama ta san za a aurar da 'ya a gidan bayan sallah, ta san launin da uwargida ba ta so, ta san abin da aka saya watan jiya. Sai ta zaro turmin atamfa ɗaya ta shimfiɗa: "Hajiya, ina ganinsa na tuna da ke." Ciniki ya faɗa.

Da yawa cikin matasanmu masu ɗaukar hoto ba haka suke tunkarar editan mujalla ba, kuma abin yana damuna, don akwai gwanaye a cikinsu. Sai su tura masa hotuna barkatai, ga dawakin Hawan Daushe, ga marinar Ƙofar Mata, ga faɗuwar rana, su ce a duba. Ya ga irinsu har ya gaji. Abin da yake nema shi ne labari guda, da dalilin buga shi yanzu, da shaidar cewa kai za a buɗe wa ƙofar da aka rufe wa wasu.

A 1948 Gordon Parks ya sami Wilson Hicks, editan hotunan mujallar Life a Amurka, da shawara ɗaya: labarin 'yan dabar unguwar Harlem. Ya yi makonni yana bin shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu, Red Jackson, ɗan shekara 17, har cikin gidan mahaifiyarsa. Labarin ya fito a Nuwambar shekarar, daga baya Parks ya zama baƙar fata na farko da Life ta ɗauka aikin hoto na dindindin. Sai dai editocin sun fifita hotunan faɗa da tashin hankali a kan na zaman gida, shi ya sa nake ganin tun wajen ciniki ya kamata a yi maganar zaɓen hoto da bayanin da za a sa ƙarƙashinsa.

Ga kuma lokaci. Kayan sallah tun kafin azumi ake kai su. Mujallu ma da watanni suke tsara abin da za su buga.

Ɗan'uwa mai kyamara, kafin ka rubuta wa edita, nemi tsofaffin fitowar mujallarsa ka karanta. Sannan ka tura masa gajeren bayani da hotuna kaɗan, duk a kan mutum ɗaya ko wuri ɗaya.