Zaman Zango A Kan Hanyar Makka

Duk sa'ad da za mu sallami ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, mukan tambaye su abin da za su yi da makonnin hutu. Galibi sukan ce za su huta, shi ke nan. Amsar nan ce ta sa muka waiwayi kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, gama ba mu san mutanen da suka sami sarari kamarsu ba, ko da yake ba wanda ya taɓa ba su hutu.

A ɗauki mutumin Danwarai, kusa da Aliero cikin ƙasar Gwandu, wajen 1930. Ya sayi jaki a kasuwar Jega, ya biya basussukansa, ya nemi gafarar dangi kamar mai barin duniya. Gabansa ga Sakkwato da Kano da Yerwa, ga Fort Lamy, wadda aka mai da sunanta Njamena a 1973, ga Abeshe da Fashir da Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Hanyar ta fi mil 2,000. Mai yin mil 15 kullum ba fashi, wata biyar sun ishe shi. Amma galibin mahajjata shekaru suke yi, waɗansu har bakwai ko goma. To, ina sauran lokacin ya tafi? A zaune ya ƙare.

Zaman yini shi ne mai sauƙi. Ayari yakan tashi da asuba, in rana ta take a sauka. Daga nan har la'asar ba tafiya, ba gona, ba kiran dagaci. Mai gafaka ya buɗe littafi, wanda ya bar makarantar allo tun yana yaro ya sake wanke allo da furfura a gemunsa. Wani na ɗinkin hula, wani na tufka igiya, yara na tsintar Larabcin Shuwa a bakin rijiya. Manomin da a gida damina da rani ba su bar shi ya zauna gaban malami ba, ga shi yanzu da malamin suna cin tuwo a akushi ɗaya wata da watanni. Mu da ke tsara jadawalin darasi minti arba'in arba'in, lalle abin yakan ba mu kishi.

Shari'a ma ta auna zaman nan. A cikin Risala, matafiyin da ya nufi mil 48 yana ƙasaru, amma da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ya cika salla. Watau niyya ce ke raba mai yada zango da mazauni, ba yawan gajiya ba. A ganinmu nan ne ma'anar sararin mahajjaci take. Ba ragowar lokaci ba ne bayan aiki, irin na akawu in an tashi daga ofis. Yana cikin tafiyar, don ko yana kishingiɗe a gindin tsamiya fuskarsa na gabas.

Dogon zama shi ne mai wuya. Guzuri yakan ƙare, ruwan damina ya datse hanya a Wadai, sai mutum ya ari gona ya jira kaka. Yana yin wanzanci ko yankan farce ko ga-ruwa, matarsa na suyar ƙosai, suna tara kuɗin zango na gaba. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, aikin lada ya samu, kuma ga garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mutum ya iske Hausa a kasuwa, ya iske fura, ya ce bari ya ƙara shekara ɗaya. Shekarar ta haifi wata, aka yi aure, aka yi suna.

Kada mu yi gaggawar cewa niyyarsu ta mutu. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna cikin Hausawan Jazira, kuma a littafinsa na 1995 ya nuna har jikokin da aka haifa can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya. Mu dai abin yana daure mana kai: zaman shekara hamsin, mai shi kuwa bai yarda ya sauka ba.

Yau maniyyacin Danwarai yakan hau jirgi a Birnin Kebbi da safe ya yi sallar isha'i a ƙasa mai tsarki, kuma ba mai hankalin da zai so a koma wa ƙishirwa da 'yan fashi da kaburburan bakin hanya. Tsohuwar hanyar ma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya bi ta kanta, daga Junaina da Fashir har Wad Madani, ya kuma tashi da yawa daga cikin jikokin waɗanda suka tsaya jiran kaka ɗaya.