Yadda Ake Toshe Huji a Jirgin Ruwa na Faiba Ba Tare da Facin Ya Ɓalle Ba

Jiragen ruwa na faiba suna ƙara yawa a Kogin Kwara da Tafkin Kainji, ganin yadda hukumomi ke kira da a rage dogaro da kwale-kwalen katako saboda yawan haɗurra. Faiba ba ya ruɓewa kamar katako, amma idan ya daki kututture ko dutse yakan tsage ko ya huje. Nan ne wasu ke shafa gam su koma ruwa da fasinjoji. Irin wannan facin yana iya ɓallewa a tsakiyar kogi.

Jikin jirgin faiba zaren gilashi ne da aka saƙa kamar ƙyalle, aka jiƙa da wani ruwan gam mai suna rezin, ya daskare. Ƙarfinsa yana cikin zaren, shi ya sa gam kaɗai ba ya riƙe huji. Sai an mayar da zaren da ya karye.

Da farko a fitar da jirgin a bar shi ya bushe sarai. Ka ƙwanƙwasa kewayen hujin da kwabo: wuri mai lafiya yana ba da sauti mai kaifi, wanda ya saɓule daga ciki kuwa sautinsa a dushe yake. Da dare, haska tocilan wayarka daga ciki, wani ya duba daga waje, ƙananan tsagu za su bayyana. Duk inda ya lalace a yanke shi.

Mataki mafi muhimmanci shi ne goge gefen hujin ya yi gangare. Ƙa'idar masu gyara ita ce 12 bisa 1. Idan kaurin jikin jirgin milimita 6 ne, gangaren zai kai milimita 72 a kowane gefe. Kalkuletar waya ta isa wannan lissafi. Faɗin nan ne ke ba sabon faci wurin kamawa. Bayan gugar, a share ƙura da asiton.

Rezin da aka fi amfani da shi wajen gyara iri biyu ne: poliyesta mai araha, da epoksi wanda ya fi kama tsohon faiba. Poliyesta yana buƙatar sinadarin daskarwa kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Shi kuwa epoksi, a bi awon da ke jikin gwangwani daidai, da ƙaramin sikelin dijital. Zafin rana yana sa rezin saurin daskarewa, don haka a haɗa kaɗan-kaɗan, a yi aiki a inuwa, a saita agogon waya.

Sai a tokare bayan hujin da kwali mai rufin leda, a yanka ƙyallen faiba fallaye da dama, babba zuwa ƙarami. A ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ana jiƙawa da buroshi, ana danne kumfar iska har kaurin ya zo daidai. Idan ya daskare a goge da sanfefa, a shafa fenti, domin hasken rana yana lalata epoksi.

Kada a yi aikin nan babu takunkumi, safar hannu da tabarau, don ƙurar faiba tana cutar da huhu, sinadarin daskarwa kuma yana iya lalata ido. Hujin da ya shafi ƙashin bayan jirgi ko inda ake ɗaura inji aikin ƙwararre ne. Kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya, a gwada jirgin a bakin gaɓa a tabbatar ba ya yoyo.